Robobi Masu Jan Murfi

Ko da zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin ranar sunan 'yata ta fari ba. Yarinyar yanzu ta girma, har ta fara gyara mini magana, amma har gobe in na bi ta Ƙofar Kware a kan babur sai na ji kunya ta lulluɓe ni. Akwai lungun da ba na shiga sai dole, domin tsofaffin matan wajen ba su da mantuwa, kuma ba su san ni da sunan da ubana ya raɗa mini ba. Mai Safa suke ce mini.

Sai na fara faɗa muku aikina, in ba haka ba za ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni a ranar (wasu daga cikin dangin matata har yanzu a kan haka suke). Ina aiki a sashen masu tarin fuka na wani asibiti a cikin garin nan. Ni ba likita ba ne, ba kuma nas ba. Karatuna bai yi nisa ba. Aikina shi ne in kula da duk abin da aka gama amfani da shi a sashen, in tabbatar bai koma hannun kowa ba. Allura tana da kwalinta. Safar hannu da takunkumi da auduga suna da ledarsu ruwan ɗorawa. Sai kuma robobin kaki, waɗanda su ne tushen labarin nan.

Idan mutum ya zo da tari mai daɗewa, ana ba shi wata 'yar roba fara, mai faɗin baki, mai jan murfi na murɗawa. Ya fita fili inda iska ke kaɗawa, ya yi tari daga ƙirji, ya tofa a ciki ya rufe. Kafin a miƙa masa ita, sai an rubuta sunansa da lambarsa a jikinta da baƙin alƙalamin da ruwa ba ya wankewa. Ku riƙe wannan maganar ta rubutu, domin ni da nake ganinsa kullum ban riƙe ta ba. In an gama gwaji, robar ta zama tawa. A jiƙa ta a ruwan bilic, a sa a leda ruwan ɗorawa, a ɗaure bakin ledar tun ba ta cika ba, in tura a baro zuwa tanderun da ke bayan asibiti, mu ƙone ni da abokin aikina Malam Bello. Tokar kuma mu binne a rami.

Ina son aikin nan, ba na jin kunyarsa. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da nake fatan a ce da wani aikin ta san ni, ita ce mahaifiyar matata Luba, wadda kowa ke kira Inna.

Gidansu gidan malamai ne. Marigayi mijinta a zaurensa ake ɗaukar karatu, 'ya'yanta maza kuma daga malamin makaranta sai ma'aikacin kotu. Lokacin neman aure, kawuna da ya je tambaya ya ce musu ni ma'aikacin asibiti ne, ya yi shiru daga nan. Inna ba ta yi shiru ba, ta sa aka bincika. Da aka kawo mata bayani, an ce ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "To, ai kowa da abin da Allah ya hore mashi." Ba ta hana auren ba, don Luba ta nuna tana so. Ba ta kuma taɓa faɗa mini magana mara daɗi ba. Sai dai in za ta ambace ni, mutumin asibiti take cewa. Kuma na lura da wani abu: duk ranar da na je gaisuwa, in na tashi na kai bakin zaure na waiwaya, sai in ga an ɗauke tabarmar da na zauna a kai an shanya ta a rana. Kofin da ake ba ni ruwa ma guda ne, shuɗi, ban taɓa ganin wani ya sha da shi ba.

Na yi wa Luba ƙorafi sau ɗaya. Ta yi dariya ta ce in gode wa Allah, ni kaɗai ne surukin da ke da kofinsa na kansa a gidan. Haka take. Ba ka kawo mata damuwa ka koma da ita yadda ka kawo.

Muna sabon aure, a ɗan gidan da muka kama a unguwar Gidan Dahala, na taɓa zuwa mata da sabuwar robar kaki guda, wadda ba a taɓa buɗewa ba, don in nuna mata irin aikin da nake yi (gaskiya don in burge ta ne). Na tsaya ina ta bayani a kan ƙwayar cuta da yadda take bin iska. Ita kuwa hankalinta na kan murfin. Ta cika robar da ruwa, ta murɗa, ta kifa ta, ta girgiza. Ko ɗigo bai fita ba.

"Wagga roba mai kyau haka, a ce kaki aka zubawa ciki?" in ji ta. "An cuce ta."

Ta tambaye ni ko ana sayar da irinta. Na ce ƙwarai, manyan shagunan magani suna sayar da sababbi a ƙulle cikin leda. Na ci gaba da laccata. Na manta da zancen tun kafin mu ci tuwo.

Da cikinta ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gida, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. A can Ƙofar Kware ta haihu, mace. Ni kuwa sai dai in je bayan magariba in tsuguna a zaure, a fito mini da jaririya in leƙa, a kawo ruwa a shuɗin kofi. Ni da Luba ma ba ma samun wata hira, daga ya jiki sai ya ruwan zafi, don gidan cike yake da mata 'yan barka, ana ta dakan yajin jego da za a raba wa dangi ranar suna.

A cikin kwanakin nan na ƙulla shirina. Na yanke shawarar in sa wa yarinyar sunan Inna, a riƙa kiranta Ummi. Na kai shadda ɗinki wajen wani tela a Ƙofar Taramniya, babbar riga da 'yar ciki da wando, na ce ya yi mata aikin da ko alƙali ya sa ba zai ji kunya ba. Na sayi rago da ba ya jin kunyar shiga gidan malamai. Burina ɗaya ne: ranar suna Inna ta dube ni ta ga uban jikarta, ta daina ganin mai baro.

Sai dai a makon nan ne kuma aka samu matsala a wajen aiki. Man da muke kunna tanderu da shi ya yanke, ledoji suka taru a 'yar rumfar da muke ajiye su kafin ƙonawa. Wata safiya na zo na ga ledar robobin kaki da na ɗaure da hannuna babu ita. Na duba ko'ina. A bayan rumfar akwai inda katanga ta zube, an toshe da ƙaya, na ga kamar an janye ƙayar. Malam Bello ya tafi ƙauye jana'iza, wayarsa ba ta shiga. Kuma ba a daɗe ba da aka yi mana bita, inda Sista, shugabar sashenmu, ta ja mana kunne a kan masu tsince-tsince a bola. Ta ce suna iya kwashe kwalabe da robobin asibiti su ɗauraye su kai kasuwa, mata su saya su zuba man shafawa ko kayan miya. Ta ce duk robar da ta fita daga hannunmu ba a ƙone ba, mu ɗauka wani gida ta nufa, wataƙila ma namu.

Wannan "wataƙila ma namu" ita ce ta zauna mini a rai. Na gaya wa Sista leda ta ɓace, ta ce a ci gaba da nema. Na riƙa bin masu sayar da tsofaffin kwalabe a bakin kasuwa ina leƙa kayansu kamar mai neman ɓataccen akuya. Ban ga komai ba.

Ranar suna da safe komai ya tafi daidai. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro da dabino. Da labari ya shiga cikin gida cewa sunan Inna aka sa, an ce ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya raya, har ta share ido da bakin mayafi. Babban wan Luba ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na ce a raina, yau dai tabarma ta huta da rana.

Da azahar aka kira ni daga asibiti cewa mai ya iso, in zo in nuna wa wanda zai riƙe mana aiki yadda ake kunna tanderu. Na je na nuna masa daga nesa, ina tattare babbar riga. Da zan taho na ɗaura akwatin kayan aikina a bayan babur, don washegari da sassafe zan bi ƙananan asibitoci karɓo shara. Niyyata in biya ta gidan surukai bayan la'asar, in tsaya a zaure, in aika a yi wa Inna godiya, ta ga shaddar ko ta labule ne, in wuce.

Na shigo lungun ke nan sai na ga mata suna fitowa daga gidan, sun sha ado, kowace da ƙunshin kayan suna. A hannun ta farko na hangi wani abu fari mai jan kai. Na ce idona ne. Ta biyu ma haka. Ta ukun ta tsaya a gindin dogon yaro, ta murɗe jan murfin, ta dangwala yatsa ta lasa, ta gyaɗa kai, sannan ta sake dangwalawa ta sa wa yarinyar da ke riƙe da zanenta a baki.

Ban san lokacin da na kashe babur ba. Abin da na sani shi ne na ga ledar da ta ɓace, na ga katangar da ta zube, na ji muryar Sista, sannan na tuna akwai jaririya 'yar kwana bakwai a cikin gidan nan. Tunani bai zo mini ba ko kaɗan. Hannuna ne ya yi aikin da ya saba. Na buɗe akwati, na zura safar hannu mai kauri, irin mai kaiwa gwiwar hannu, na ɗaura takunkumi, na warware leda ruwan ɗorawa. Duk wannan a kan babbar riga da hula zanna. Na karɓe robobin matan nan uku ba tare da na gaishe su ba, na jefa a leda, na nufi cikin gida.

Ku da kuka san gidan surukai kun san abin da nake nufi. Ni da ban taɓa wuce zaure na biyu ba sai an yi mini iso, ni da nake cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na ratsa zaurukan nan da takalmina, babu sallama, na faɗa tsakar gida cike da mata. Masu cin shinkafa, masu canza zane, masu shayarwa. Aka yi ta jan mayafai.

"Kowa ta aje robar da ke hannunta!" na ce. "Kada wadda ta ƙara lasa."

Ta cikin takunkumi maganar ta fita kamar daga cikin tulu. Ba wadda ta gane abin da na ce, ba kuma wadda ta gane ni. Wata tsohuwa ta fara karanta addu'ar neman tsari. Sai Gwaggo Ige, ƙanwar mahaifin Luba, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ƙare wa aikin wuyan rigata kallo, ta ce wa na kusa da ita ai wannan angon ƙarni ne, da safe ta ga rigar. Ta ƙara da cewa ita dai ta san murnar haihuwar fari tana taɓa mutum, amma ba ta taɓa ganin wanda ta taɓa har ya rufe baki ba.

Ni ban tsaya ba. Na bi layi ina karɓa ina jefawa a leda. Wasu suka miƙo da kansu don tsoro, wasu na ciro daga cikin ƙunshinsu. Akwai tire guda a kan turmi da aka jera robobin a kai, na juye shi gaba ɗaya. Ban kalli fuskar kowa ba, hannuwa kawai nake bi. Har na zo kan wani hannu a bakin ƙofar babban ɗaki. Na kama robar na ja. Hannun bai saki ba. Na ƙara ja. Sai a lokacin na lura da carbin da ke naɗe a wuyan hannun, baƙi, mai farin kai. Na san carbin nan. Na sha kallonsa, tun da ban taɓa iya kallon fuskar mai shi ba.

Da na saki a lokacin, da wataƙila abin ya tsaya nan. Amma jikina ya riga ya fara ja na uku. Murfin dama ba a murɗe yake sosai ba, ya fita. Yaji ya tashi sama kamar an watsa shi da gangan, iska ta ɗauka ta raba wa kowa.

Yajin jegon gidan su Luba ba na wasa ba ne. Barkono da citta da masoro da kanumfari, an daka sun yi laushi kamar kwalli. Inna ce ta fara atishawa. Daga nan tsakar gida ta ɗauka. Tari ta ko'ina, tsofaffi da yara, wasu na dafe da ƙirji, wasu na neman ruwa, hawaye na wanke kwalliyar da aka ɓata yini ana yi. A duk gidan mutum ɗaya ne ba ya tari, shi ne ma'aikacin yaƙi da tari, yana tsaye a tsakiya da takunkuminsa.

Sai labulen ɗakin mai jego ya ɗaga, Luba ta fito. Tana cikin leshin fitar suna, ruwan hoda, an yi mata lalle har idon sawu. Ta toshe hanci da gefen gyale, ta rufo ƙofa saboda jaririya. A ɗaya hannun tana riƙe da wata doguwar leda fara, a liƙe yadda ta fito daga shago, da sauran sababbin robobi jere a ciki. Ba ta yi sauri ba. Ta zo gabana, ta karɓi robar da ke hannun Inna, ta ɗaga ta daidai idona, ta juya ta a hankali har ta zagayo.

"Malam," ta ce, yadda ni kaɗai zan ji, "ina rubutun?"

Babu rubutu. Fara ce tas, ko ƙarzuwa babu. Na leƙa cikin ledata, duk haka suke. Ni da na ƙona irinsu ba iyaka, na san ba a taɓa kawo mini guda ba suna a jikinta. Ta ce ita ta aiki ƙanwarta shagon magani, inda ni da bakina na ce ana sayarwa, don ƙullin leda yana fashewa a jakar mutane, kuma tana so a ce yajin sunan ɗiyarta ya fi na kowa tsabta.

A nan ne tarbiyyar da aka yi mini ta dawo, a makare. Na tuna ina gaban surukata. Na durƙusa. Na tuna da takalmi, na fara kokawar cire shi da safar roba a hannu, yana zamewa. Na samu na cire, na ajiye shi gefe da ladabi, kamar wannan ne kaɗai laifin. Sannan na sunkuyar da kai, takunkumi na nan a fuskata, na ce, "Inna, ina wuni."

Ta yi atishawa ta ƙarshe, ta goge ido, ta karɓi robarta daga hannun Luba, ta tsinci murfin a ƙasa ta murɗa.

"Lahiya lau," ta ce. "An gama aikin, ko da saura?"

Ban san wadda ta fara dariya ba, amma na san Luba ce ta fi kowa. Ta jingina da bango tana riƙe da ciki tana cewa a taimake ta, jikinta bai warke ba. Na yi yunƙurin mayar wa mutane robobinsu. Gwaggo Ige ta ɗaga hannu ta ce ita kam ba ta karɓa. Ta ce tun safe take gidan nan ba ta ga kayan asibiti ba sai da na shigo, kuma yanzu yajin yana cikin ledar asibiti, a hannun mutumin asibiti. Na ce ledar sabuwa ce. Ta ce robobin ma ai sababbi ne, ban yarda ba, don me ita za ta yarda. Kuma in don ƙa'idar aiki ne, tana da gaskiya: abin da ya shiga leda ruwan ɗorawa ba ya fitowa.

Haka na fita daga gidan, takalmi a hannu ɗaya, yajin sunan 'yata a ɗaya hannun, na ɗaure bakin ledar yadda aka koya mini. Sai da aka sake sabon daka a gidan, aka bi mutane da shi gida gida, a ƙullin leda.

Washegari na tarar da Malam Bello ya dawo. Tun kafin in buɗe baki ya ce af, ya manta bai gaya mini ba, ranar da zai tafi ya ga hadari ya haɗo, rumfa kuma tana yoyo, sai ya ɗauke ledar robobin kaki ya kulle a ɗakin ajiya. Ga ta can lafiya lau. Ƙayar katanga kuwa awaki ne suka janye ta. Muka ƙone ta tare da tawa ledar. Hayaƙin barkono ya turnuƙe bayan asibiti, muka gudu muka tsaya can nesa muna hawaye, yana tambayata wane irin maras lafiya ne wannan. Da Sista ta ji labari sai da ta zauna. Bayan ta gama dariya ta ce tsoron da na ji daidai ne, robar da aka yi amfani da ita ba ta da wurin zuwa sai wuta, ko an wanke ta da me. Amma ta ce in riƙa tunawa ido ma kayan aiki ne, ba safa kaɗai ba. Albarkacin abin nan dai aka gyara katanga, aka sa wa rumfa ƙofa da kwaɗo.

Na yi makonni ban taka Ƙofar Kware ba, sai aike. Da Luba ta gama wanka ta dawo gida, ta ce dole in je in yi bangajiya. Na je kamar mai zuwa kotu. Inna ta amsa gaisuwa kamar kullum, ba ta ɗauko zancen ba. Aka kawo ruwa, na ga kofin silba ne irin na kowa. Na ɗauka shuɗin ya fashe. Da na tashi na kai bakin zaure, na waiwaya. Tabarma tana nan inda na bar ta, har wata jikar gidan ta hau ta kwanta.

Na tambayi Luba abin da ya faru. Ta ja mini rai kwana da kwanaki, sannan ta ce a daren sunan, da Gwaggo Ige ta dage sai an kai ni wajen masu ruƙiyya, Inna ta ce a ƙyale ni. Wai ta ce, "Hauka dai ya yi ta. Amma mutumin da ya aje kunyarshi ƙasa don tsoron abin da zai taɓa ɗiyarmu, ba shi ne zai kawo muna cuta gida ba." Daga ranar ta daina ce mini mutumin asibiti. Ta koma Mai Safa, kamar kowa. Ban sani ba ko ƙarin girma ne, amma na karɓa.

Shekarun da suka biyo baya, labarin ya zama na Luba. Ba bikin da za a yi a danginsu ba a ce ta yi shi ba. Sai ta zura safar ƙafata a hannuwanta, ta ɗaure baki da ɗankwali, ta shigo tana tafiya kamar soja tana magana ta hanci. In ta zo wajen cire takalmi, har Inna sai ta kau da kai tana murmushi. Ina nuna kamar ina jin haushi. A gidanmu kuwa kantar ɗakin girki ta cika da robobi masu jan murfi, na daddawa daban, na kuka daban, na kanwa daban. Ba ta taɓa yarda a yi rubutu a jikin ko ɗaya ba. Ta ce da hanci ake ganewa, kuma ba ta son abin da zai tayar wa maigida da ciwonsa.

Luba ta rasu bara, bayan damina. Gajeriyar jinya ce, kuma ba tari ba ne. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Bayan an share makoki Inna ta aiko a kira ni. Ta tsufa sosai yanzu, ba ta fita. Na durƙusa a bakin ƙofa, ta ce in shigo, ta matsa ta ba ni gefen tabarmarta. Sannan ta sa hannu a bayan filo ta ciro wata roba. Murfin ya koɗe, jan ya kusa zama fari, gefensa ya ɗan tsage. Ta ce tun ranar sunan ba ta rabu da ita ba, duk sanda yajin ya ƙare Luba ce ke cika mata. Ta ce wannan shi ne na ƙarshe da Luba ta daka, kuma ita yanzu likita ya hana ta yaji.

Na miƙa hannu biyu. Ta ɗan riƙe robar ba ta saki ba, kamar wancan karon, har sai da na ɗaga ido na dube ta, abin da ban taɓa yi ba.

"Duba da kyau," ta ce. "Babu rubutu."

Muka yi dariya, ni da ita, irin wadda ba ta daɗewa take komawa wani abu.

Yanzu ni nake koya wa sababbin ma'aikata rabon shara: wannan kwali, wannan leda, wannan wuta. Ina gaya musu babu robar da ake jin tausayinta. Ba na gaya musu cewa a gidana, a saman kantar nan, akwai guda ɗaya da ban buɗe ba, ban kuma san ledar da zan sa ta ba. Abin da nake ƙara musu daga wajena kaɗan ne. Kafin ka zura safa, ka duba rubutu. In kuwa har sai ka fizge abu daga hannun mutum, to ka fara ɗaga kai ka ga hannun wane ne.